Ina zan kai yaro ɗan shekara biyu da rabi a Kano? Ga abin da na sani

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki. Kin ce aure ne ya kawo ki Kano, kuna zaune ku kaɗai a gida mai get, maigida yana fita kasuwa tun da safe sai bayan isha'i, yaronki shekararsa biyu da rabi, kullum rigima, ba ya yin shiru sai kin miƙa masa waya. Kina neman inda za ki riƙa kai shi ya sha iska ba tare da kashe kuɗi da yawa ba. Zan gaya miki wuraren, amma ki yi haƙuri in fara da abin da na ga ya fi su muhimmanci, don na raini yara a irin gidan da kike ciki.

Rigimar yaron nan ba rashin ji ba ce, kaɗaici ne. Mu da muka tashi a gidan yawa babu wanda ya taɓa zama ya tsara mana fita. Ga tsakar gida, ga zaure, ga yayye da 'ya'yan baffanni, ga kaka a bakin ƙofarta, ga akuya da kaji. Yaro yana fara tafiya ya samu abokai, idan ya yi ɓarna duk babban da ke kusa ya tsawatar, don ɗa na kowa ne. Yanzu a sababbin unguwanni daga ke sai shi, katanga ta zagaye ku, ke ce uwar, ke ce abokiyar wasan, ke ce kakar. Dole ya gaji da ke, ke ma ki gaji da shi, kuma wannan ba laifinki ba ne. Shi ya sa nake cewa zuwa gidan zoo sau ɗaya a wata ba zai magance miki komai ba idan sauran ranakun a kulle yake. Abin da yake buƙata ƙaramar fita ce ta kullum, a lokaci ɗaya, kusa da gida.

Lokacin kuwa shi ne bayan la'asar, sa'ad da rana ta yi sanyi. Ki yi masa wanka, ki sa masa takalmi, ku fita ko da zuwa shagon bakin layi ne ku sayo magi. Kada ki ɗauke shi, ki bar shi ya taka da ƙafarsa, kuma kada ki yi sauri. Tafiyar da za ki yi cikin minti biyar shi sai ya kai rabin awa, saboda zai tsaya kallon ƙadangare a jikin katanga, ya tsuguna ya bi layin tururuwa da ido, ya tsaya gaban mai faci yana kallon yadda ake tsoma tayar keke cikin ruwa ana neman inda iska ke fita. Wannan tsaye-tsayen shi ne fitar. Ki riƙa faɗa masa sunan abin da ya nuna: ga tunkiya, ga mai kura yana tura ruwa, ga 'yan makarantar Islamiyya sun taso. Autata a haka bakinta ya buɗe. Kafin kiran magariba ku koma gida, ai akwai hadisi ingantacce da ya ce a tsare yara a gida idan duhun magariba ya shigo, ga kuma sauro da ke fitowa a daidai lokacin.

A cikin wannan zagayen ki sa ido ki ga gidan da ke da yara sa'anninsa. Ki yi sallama, ki gaisa da matar gidan, wata rana ki aika mata da ɗan abin da kika dafa. Kada ki ji nauyi, yawancin matan da ke bayan get ɗin nan halinku ɗaya. Idan kika dace da maƙwabciya ɗaya ta gari kin samu abin da ya fi duk wuraren shaƙatawar garin nan. Amma ki lura da gidan kafin ki bar shi a can: akwai rijiya a buɗe? Ina suke ajiye kananzir da maganin ɓera? Su wa ke shiga da fita? Yaro a wannan shekarun ba a barinsa inda idon babba mai amana ba ya kansa.

To, sai manyan wuraren.

Gidan zoo da ke kan titin Zoo Road shi kowa zai fara faɗa miki, kuma ya cancanta. Tun zamanin Gwamna Audu Bako aka kafa shi, a farkon shekarun 1970, sunansa ma yake ɗauke da shi, kuma fili ne babba mai itatuwa da inuwa, kuɗin shiga ba mai yawa ba. Shawarata ɗaya ce: kada ki kai ƙaramin yaro ranar Sallah ko kashegarinta. Cunkoson ranakun nan na manyan yara ne da samari, ga turereniya a ƙofa, ga ƙura, kuma a irin ranar ne yara suke ɓacewa iyayensu. Ki zaɓi ranar da ba ta biki ba, ku isa da hantsi kafin rana ta take. Kada kuma ki sa rai zaki ne zai burge shi. Zaki yawanci yana kwance can ƙuryar keji yana barci, yaro ba zai ma gane shi ba. Birai ne da jimina suke ɗauke hankalinsu. Ɗana na fari ya kafe a gaban jimina ya ƙi motsawa, yana kallon yadda take sunkuyar da dogon wuyan nan ta tsinci abu a ƙasa sannan ta ɗago tana ƙifta ido, shi ma yana sunkuyawa yana kwaikwayonta, har aka kwana biyu a gida yana tafiyar jimina. Idan naki ya tsaya a wuri ɗaya ki ƙyale shi, ba dole sai kun zagaye kejin duka ba. Ki hana shi zura hannu ta waya, kada kuma ya riƙe abinci a gaban birai, suna fizgewa. Awa ɗaya da rabi ta isa, bayan haka gajiya ce da kuka.

A kan titin dai akwai Ado Bayero Mall, wanda har yanzu mutane ke ce wa Shoprite. Akwai sanyi, akwai wurin wasan yara, ga tsabta. Amma ni ban sa shi a sahun gaba ba, saboda duk abin da ke wurin na kuɗi ne, kuma yaro da ya hau lilo sau ɗaya ba zai fahimci dalilin da ya sa ba za a sake ba. Sai ku fito yana birgima ke kuma ranki a ɓace. Ki ajiye shi sai lokacin tsananin zafi, kuma ki yanke abin da za ki kashe tun daga gida.

Wurin da mutane ba su cika tunawa da shi ba, ni kuwa nake so ƙwarai, shi ne marinar Ƙofar Mata. Tun shekarar 1498 ake danganta kafuwarta, kuma har yau ana rini da baba da toka da kanwa kamar yadda aka gada. Ki tsaya da yaron a gefen karofi ya ga marini ya tsoma farin yadi ya ɗago. Sa'ad da ya fito daga ruwan launinsa kore-kore ne, sai da iska ta buge shi ya riƙa juyewa yana zama shuɗi a gaban idonka. Ana maimaita tsomawa da ɗagowa har ya yi duhun da ake so. Can gefe kuma masu bugu suna zaune suna dukan yadi da guduma ta katako, sautin yana tashi bi da bi, yara suna son wannan sosai. Sai dai ramukan suna da zurfi kuma a daidai ƙasa suke, saboda haka hannunsa ba ya barin naki ko na daƙiƙa ɗaya, ko kuma ki goya shi. Ki gaisa da dattawan wurin, ki sayi ɗan ƙyalle ko ki ba da ihsani, sana'arsu ce.

Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, da Dutsen Dala, ki bar su sai ya kai shekara biyar ko shida, lokacin da za ki iya ba shi labarin Sarki Muhammadu Rumfa da na Barbushe ya saurara. Yanzu matakalar Dala a bayanki za ta ƙare. Hawan Sallah kuwa, wanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, babu yaron da ba ya son dawaki, amma ba a shiga da ƙarami cikin taron Hawan Daushe, ga harbin 'yan bindiga yana firgita su. A shekarun nan ma akan dakatar da hawan, sai ki fara tambaya. Idan kuna da 'yan uwa a kan hanyar da mahaya ke bi, ku kalla daga ƙofar gidansu. In Babbar Sallah ta matso kuma, babansa ya tafi da shi wajen masu raguna, wannan kallo ne na kyauta.

Yanayin gari shi zai riƙa tsara miki komai. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, fitar rana haramun ce ga ƙaramin yaro, sai sassafe ko dab da magariba. Da hunturu ki shafe shi da man kaɗanya, ki sa masa hula da rigar sanyi, ranar da hazo ya yi yawa ku zauna a gida, musamman idan yana da tari. Da damina ki kiyaye shi da kududdufi da kwata, ya kwana cikin gidan sauro, idan kuma ma'aikatan lafiya suka zo gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki karɓa, ki kuma cika masa na kwana ukun kowane wata. Ki duba katin rigakafinsa ma, ki tabbatar ya samu allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15, tunda zai fara cuɗanya da yara.

Jakar fita ba ta son tarkace. Ruwan sha daga gida, ayaba ko dafaffen ƙwai, kunu a filas, pampas, wando na canji, da zanin goyo. Zanin nan kada ki bar shi don kin ga yana tafiya, a hanyar dawowa zai yi barci. Ki guji zoɓo da ƙanƙarar leda na bakin hanya, ba ki san da wane ruwa aka haɗa ba, kuma gyaɗa da alewa mai tauri suna iya shaƙe yaro idan yana ci yana gudu. Ki ajiye ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc a gida saboda gudawa. A adaidaita sahu ki zauna da shi a cinyarki ta ciki, ba ta bakin ƙofa ba. Wurin taro kuma ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa masa a aljihu. Kafin ku fita ki tofa masa addu'ar neman tsari da Annabi (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini, ki riƙa yi a bayyane har ya saba da jin ta.

Maganar waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada kallon allo ya wuce awa ɗaya a rana ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 4, kuma ya samu aƙalla awa uku yana motsa jiki cikin yini. Ba zan ce ki ƙwace rana ɗaya ba, don na san da ita kike samun yin girki. Abin da ya yi mini aiki shi ne sa yaro cikin aikin. In ina tsintar wake sai in ba shi nasa ɗan kwanon da ludayi, in ina wanki in zuba masa ruwa kaɗan a roba da tsumma ɗaya, in ina shanya shi ke miƙo mini kaya. Aikin zai yi jinkiri, gidan zai jiƙe, amma zai shagala. Ki dai nisanta shi da murhu da ruwan zafi, kuma kada ki bar bokiti cike da ruwa a inda zai kai. Kwanakin farko zai yi kukan wayar sosai, ki daure, yana raguwa. Da zarar ya gane cewa bayan barcin rana akwai wanka, bayan wanka akwai fita, da kansa zai ɗauko miki takalminsa.

Sai babansa. Kada ki tare shi da ƙorafi yana shigowa a gajiye. Ki bari ya ci abinci ya huta, sannan ki nemi izinin zagayen la'asar ɗin, ki faɗa masa iyakar inda za ku riƙa kaiwa, don hankalinsa ya kwanta. Ki kuma roƙe shi abu ɗaya a mako wanda zai zama nasu su biyu: ya tafi da shi wajen aski, ko sayen burodi da safiyar ranar da ba ya fita da wuri, ko gaishe da iyaye ranar Juma'a. Maza da yawa suna ganin sai yaro ya girma za su fara jan sa a jiki, ba ƙi suke yi ba, ba a nuna musu ba ne. Wannan awa ɗayar kuma taki ce, ki yi wanka a natse, ki kwanta, ko ki kira mahaifiyarki ku yi hira, don ke ma a baƙon gari kike.

Ki gaya mana unguwar da kuke, ba sai kin faɗi layi ko gida ba. A cikinmu matan da muka karanta tambayarki ba za a rasa wadda ke kusa da ke ba, ta nuna miki filin da yara ke wasa da yamma da Islamiyyar matan aure da ake zuwa da yara. Allah Ya raya mana shi, Ya ba ki haƙurin raino.