Tambaya da Amsa: Wane Wasa Ne a Hannunku Yanzu?

A fitowar da ta gabata mun roƙi masu karatu su rubuto mana wasannin bidiyon da suke bugawa a 'yan kwanakin nan, tare da abin da ya burge su da abin da ya ɓata musu rai a ciki. Wasiƙun da suka iso sun fi ƙarfin wannan shafi, saboda haka muka zaɓi huɗu da suka zo da tambaya, muka taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni Free Fire nake bugawa a waya idan na rufe shago da dare, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne lokacin da muka rage mu uku ko huɗu, fili ya tsuke, kowa ya laɓe yana jiran ɗan'uwansa ya motsa. Abokaina suna cewa wasan yara ne, PUBG ne na manya. Shin in sauya? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wasannin biyu tushensu ɗaya ne: a sauke mutane da lema a kan tsibiri hannu rabbana, kowa ya nemi makami, fili ya riƙa tsukewa har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Inda suka rabu shi ne girma da tsawon lokaci. Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, mutum 50 yake ɗauka, kuma ana gama zagaye cikin kimanin minti goma. PUBG na waya ya fito a 2018, yana ɗaukar mutum 100, fitaccen filinsa mai suna Erangel kilomita 8 ne tsawo da faɗi, kuma zagaye ɗaya kan kai rabin sa'a.

Abokanka suna da gaskiya ta fuska ɗaya, domin PUBG ya fi zurfi. Bindiga tana tashi sama idan ka riƙe harbi, harsashi yana sauka idan nisa ya yi yawa, kuma wanda ya iya sauraron takun ƙafa a bene ya fi mai saurin yatsa daɗewa a raye. Amma wannan zurfin yana neman waya mai ƙarfi da intanet mai tsayawa, alhali Free Fire tun asali an gina shi ne domin ƙananan wayoyi. Idan wayarka tana ɗaukar zafi ko hoton yana sarƙewa da zarar an fara musayar wuta, ba za ka ɗanɗana abin da abokanka suke yabo ba, sai dai ka riƙa faɗuwa kafin ka ga wanda ya harbe ka. Shawarata ita ce ka gwada PUBG a wayar ɗaya daga cikinsu kafin ka ƙona data wajen sauke shi, domin saukewa da sabuntawa ne suke cin data, ba bugawar kanta ba. Idan bai karɓe ka ba, ka zauna inda kake; mai shagon da ke da minti goma kafin barci ya fi dacewa da wasan minti goma.

TAMBAYA: Malam, wani abokina ya ce akwai wasan kwamfuta da ake zaɓar Hausawa a kafa gari a yi yaƙi, har sojojin suna magana da Hausa. Ni ɗalibin tarihi ne, kuma yanzu Assassin's Creed Mirage nake bugawa saboda Bagadaza. Da gaske ne akwai wannan wasa, kuma ya cancanci kuɗinsa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Da gaske ne, kuma shi ne wasan da ke kan kwamfutata a halin yanzu, don haka ka yi mini uzuri idan na tsawaita. Sunansa Age of Empires III: Definitive Edition, kuma Hausawa sun shigo cikinsa ne a watan Agusta na 2021, a wani ƙari da ake saya daban mai suna The African Royals, tare da Habashawa. Ba irin Mirage ba ne inda kake tafiyar da mutum ɗaya a lungunan birni. A nan kana kallon ƙasa daga sama, ka fara da 'yan talakawa kaɗan da gari guda, ka tura wasu farauta, wasu saran itace, wasu haƙar ma'adini, ka gina rumbu da gidaje da fada, sannan ka tara runduna kafin maƙwabcinka ya riga ka.

Abin da ya fara kama ni shi ne kunne. Ka taɓa ma'aikaci da linzamin kwamfuta ya amsa maka da Hausa, ka tura mahayi ya amsa da Hausa. Wanda ya shekara da shekaru yana jin Turanci da Jafananci a wasanni ya san nauyin wannan, kuma ba na jin kunyar cewa ya faranta mini rai ƙwarai.

Bayan kunne sai tsarin arziki, kuma a nan ne na ga waɗanda suka yi wasan sun yi karatu. Ban da abinci da itace da kuɗi, al'ummomin Afirka a wasan suna da wata dukiya ta huɗu, wato tasiri, wadda da ita ake ɗaukar sojojin haya da neman taimakon ƙawaye. Shanu suna ƙiba a hankali, kana iya sayar da su a kasuwar dabbobi ka karɓi itace ko kuɗi, don haka kullum kana cikin lissafin ko ka sayar yanzu ka tsira daga hari, ko ka haƙura su ƙara daraja. Hausawa suna da jami'a, wadda ke ƙara samar da tasiri idan an gina ta kusa da tsakiyar gari da fada da zangon fatauci, abin da ke tilasta maka ka tsara garinka a dunƙule maimakon ka warwatsa gine-gine. Haka kuma ba a shiga sabon zamani, wato matakin ci gaba na gaba a wasan, sai ta hanyar ƙulla ƙawance, da Songhai ko Moroko ko Fulani ko Yarabawa da sauransu, kowane da irin amfanin da yake kawowa. Duk wanda ya karanta tarihin Kano da Katsina ya san cewa ciniki da ilimi da ƙawance ne suka ɗaga su, kuma wasan ya mayar da wannan abin da ɗan wasa yake yi da hannunsa.

A fagen daga, ƙashin bayan rundunar shi ne ɗan lifidi, mahayin da shi da dokinsa suke sanye da rigar auduga mai kauri, irin waɗanda har yau muke gani a hawan sallah. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kananeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14, saboda haka ba ƙirƙirar masu wasa ba ce. Akwai kuma maharban Fulani, da wani ƙaƙƙarfan ɗan bindiga da suka kira Maigadi, da makaɗin da ke firgita abokan gaba da kayan kiɗansa.

A matsayinka na ɗalibin tarihi, kuma Bazazzagi ko mazaunin Zazzau, akwai abin da zai tsaya maka a rai. Jagorar Hausawa a wasan ita ce Sarauniya Amina, amma babban birnin da aka ba su Kano ne, an haɗa ƙasashen da suka yi ƙarnuka suna gasa da yaƙi da juna an mayar da su al'umma ɗaya mai tuta ɗaya. Zamunna ma an cakuɗa su, domin kana iya ganin mayaƙan Amina suna fuskantar sojojin Turai na ƙarni na 19. Wannan ɗabi'ar wasan ce ga kowace al'umma, ba Hausawa kaɗai aka yi wa ba, amma ya kamata mai bugawa ya san cewa abin da ke gabansa ƙofa ce ta shiga tarihi, littattafan da ke ɗakin karatun jami'arku su ne ɗakin. Ya cancanci kuɗinsa, musamman da yake sau ɗaya ake biya, kuma ana iya bugawa da kwamfuta ba tare da abokin hamayya a intanet ba.

Game da Mirage na 2023, na yarda da zaɓinka. Bagadaza ta ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, an zana ta da kulawa, kuma idan ba ka mayar da muryoyin zuwa Larabci ba, ka yi hakan, domin birnin yana sauya kama gaba ɗaya. Faɗan cikinsa dai bai kai kyawun birnin ba.

TAMBAYA: Malam, na bar wasan ƙwallon ƙafa na eFootball na koma EA Sports FC saboda sunayen ƙungiyoyi da filaye na gaskiya. Wasan yana da daɗi, amma a sashen Ultimate Team na kashe kuɗi masu yawa ina buɗe fakiti don in samu Osimhen, ban samu ba, kuma waɗanda suka fi ni kashe kuɗi suna lallasa ni. Wani ya ce mini wannan caca ce. Mene ne ra'ayinka? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Ɗan'uwa, dalilin sauyawarka a fili yake. Kamfanin EA ya yi kusan shekara 30 yana fitar da wasan da sunan FIFA, tun daga 1993, kafin su rabu da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ya koma EA Sports FC a 2023, kuma ya tafi da lasisin manyan gasanni irin su Firimiyar Ingila da La Liga. Konami na Japan kuwa ya sauya wa nasa wasan ƙwallon, PES, suna zuwa eFootball a 2021 ya mayar da shi kyauta. A hannuna ƙwallon eFootball ta fi nauyi, tana neman a gina hari da haƙuri, ta FC kuma ta fi gudu da ƙyalli. Wannan magana ce ta ɗanɗano, kuma a gidajen gem an daɗe ana musu a kanta.

Maganar fakiti kuwa ba ta ɗanɗano ba ce. Kana ba da kuɗi na gaske ka sayi maki, ka ba da maki a buɗe maka fakitin da ba ka san abin da ke ciki ba, kuma damar samun fitaccen ɗan wasa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Hasken da ke walƙiya da kiɗan da ke tashi kafin a nuna maka katin an tsara su ne domin ka ji kamar saura ƙiris, ka sake saya. Cinikin biri a sama ke nan. Sannan idan sabon wasa ya fito a watan Satumba, ƙungiyar da ka gina ba ta bin ka, sai ka fara daga farko. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin wannan tsari a 2018 ta ce caca ce a dokar ƙasar, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin a can. Hukuncin addini na malamai ne, ka kai musu bayanin kamar yadda na zayyana shi, amma a ra'ayina ka daina saye daga yau. Idan Osimhen kake so, ana sayen 'yan wasa kai tsaye a kasuwar cikin wasan da kuɗin da ake tarawa ta hanyar buga wasanni, ko kuma ka shiga sashen horar da ƙungiya, ka ɗauki ƙaramin kulob ka hau da shi, inda aljihun wani ba zai ci ka ba.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara goma sha ɗaya ba ya rabuwa da wani wasa mai suna Minecraft, kullum yana jera tubala. Kwanan nan kuma ya fara roƙon a sa masa GTA kamar yadda ya gani a gidan gem. Ni ban san komai a kansu ba. Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya, waɗannan biyun ba su haɗa hanya ba. Minecraft, wanda kamfanin Mojang na Suwidin ya kammala a 2011 kuma Microsoft ya saya a 2014, wasa ne na gini da noma da haƙar ƙasa, an sayar da fiye da kwafi miliyan 300, har makarantu suna koyarwa da wani nau'insa. Ki zauna kusa da shi ki ce ya zagaya da ke cikin abin da ya gina. Za ki ga yadda yake auna faɗin ɗaki, yake ajiye kayan aiki, yake shirya wa dare kafin ya yi. Abin da za ki kula da shi shi ne ko yana shiga filayen intanet inda baƙi suke iya yi masa magana, domin ana iya rufe wannan.

GTA V na 2013 kuwa labarin 'yan fashi ne, cike da kisa da zagi da batsa, kuma a jikin kwalinsa an rubuta 18 a tsarin Turai, ko harafin M a tsarin Amurka, wanda ke nufin shekara 17 zuwa sama. Kada ki sa masa, kuma ki sa mahaifinsa ko yayansa ya yi magana da mai gidan gem ɗin da yake zuwa.

Game da yawan bugawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, amma ma'auninta ba yawan sa'o'i ba ne kawai. Ana duba ko mutum ya kasa tsayar da kansa, ko wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ko ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma galibi sai hakan ya ɗauki wata 12. Idan ɗanki yana sallah a kan lokaci, yana zuwa boko da Islamiyya, yana barci, yana fita wasa da tsaransa, to ki yanka masa lokaci sananne bayan ya gama aikin gida, ki riƙa sanar da shi saura minti goma kafin lokacin ya cika domin ya adana gininsa, sannan wayar ta kwana a ɗakinki.