Jarumata tana ganin wanda ya yi kisa: na kashe labarin ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta littafi a kan wata budurwa mai baiwa: da zarar ta taɓa kayan wanda aka kashe, sai ta ga yadda abin ya faru, tana taimaka wa wani ɗan sanda. Ƙawata ta karanta babi uku ta ce na kashe labarin, tunda jarumar ta riga ta san komai. Haka ne? Kuma da gaske 'yan sandan Turawa suna aiki da irin waɗannan mutane, kamar yadda ake nunawa a fina-finai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙawarki ta taɓo inda yake yi wa labarin ciwo, kuma ba ita ta fara wannan ƙorafi ba. A 1928 marubucin Amurka S.S. Van Dine ya fitar da ƙa'idoji 20 na labarin binciken kisa, ya haramta gano mai laifi ta hanyar karanta zuciyar mutane ko kiran ruhin mamaci. Shekara guda bayan haka, a 1929, Ronald Knox na Ingila, wanda limamin Katolika ne, ya kawo nasa guda 10, ta biyu a ciki ta kori duk wani abu na gaibu daga labarin. Dalilinsu ba na addini ba ne. A wurinsu irin wannan labari gasa ce tsakanin marubuci da mai karatu: duk alamar da mai bincike ya gani, mai karatu ma ya gan ta, sai a ga wanda zai riga wani. To in jarumarki tana lumshe ido ta ga fuskar makashi, mai karatu da me zai yi gasar?

Abin dariya ma, marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle ya yi imani da magana da matattu, har yawon lacca ya yi ƙasa-ƙasa a kai, amma bai yarda Sherlock Holmes, mai binciken laifi a labaransa, ya warware shari'a ta wannan hanya ba.

Sai dai ƙa'idojin nan ba aya ba ce. Marubuta da yawa sun taka su sun wuce lafiya, kuma dabararsu kusan iri ɗaya ce: gani daban, hujja daban. A ce jarumarki ta taɓa zoben mamaciyar, ta ga hannun namiji mai tabon ƙuna a wuyan hannu, ta ji ƙamshin wani turare, shi ke nan abin ya yanke. Ɗan sandan nan ba zai je gaban alƙali da wannan ba. Ko shugabansa ba zai iya gaya wa inda ya samo labarin ba, sai a ce ya koma bin bokaye. Dole ya sa ƙafa, ya bi masu sayar da turare, ya nemi shaidu, ya jira rahoton likita. Nan labari yake. In kuma ta ambaci wani abu da babu wanda ya sani sai makashin, wa kike jin za a fara tuhuma? Ita kanta. Kin samu babi biyar a nan ba tare da kin sha wahala ba.

Akwai wanda ya fi wannan zurfi. A 1922 marubucin Japan Ryunosuke Akutagawa ya rubuta gajeren labari a kan wani mayaƙi da aka tsinci gawarsa a kurmi, labarin da Akira Kurosawa ya gina fim ɗin Rashomon a kansa a 1950. Ɗan fashi ya ce shi ya kashe shi. Matar mamacin ta ce ita ce. Sai mamacin ya yi magana ta bakin wata mai hawan iska, ya ce shi ya kashe kansa. Wato ko matacce yana da mutuncin da yake karewa. Ni dai a ganina babu darasin da ya fi wannan amfani ga mai rubutu irin naki. Jarumarki tana gani ne da idon mamaciyar, mamaciyar kuwa tana iya kuskure, tana iya rufa wa wanda take so asiri.

Batun 'yan sandan gaske kuwa, fim ya zuzuta. A 1964 an kai Peter Hurkos, ɗan asalin Holan mai iƙirarin irin wannan baiwa, birnin Boston a kan makashin da ke shaƙe mata. Mutumin da ya nuna daban, wanda ya zo ya amsa laifin daga baya, Albert DeSalvo, daban. A 1966 yara uku 'yan gida ɗaya suka ɓata a Adelaide ta Ostireliya, aka ɗauko wani ɗan Holan ɗin mai irin wannan iƙirari, Gerard Croiset, ya nuna wani ɗakin ajiyar kaya, aka fasa daɓen aka tona, ba a samu komai ba, har yau ba a ga yaran ba. A 1979 Martin Reiser na rundunar 'yan sandan Los Angeles ya gwada masu wannan iƙirari 12 a kan laifuka 4, bai samu abin da zai ciyar da bincike gaba ba. Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne na 2004: Sylvia Browne, wata Ba'amurkiya mai iƙirarin ganin gaibu, ta gaya wa wata uwa a talabijin cewa 'yarta da aka sace a Cleveland ta mutu. Uwar ta rasu a 2006, 'yar kuwa ta kuɓuto da ranta a 2013.

Kin san masu karatunki, za su tambaye ki daga ina baiwar ta fito, tunda gaibu sai Allah. Ki yanke wannan tun kafin ki ci gaba: mafarki ne, aljanu ne, ko kuwa ita kanta tana tsoron ciwo ne a kanta? Duk wanda kika zaɓa, ki sa masa iyaka a babin farko, kar ki sassauta ta ranar da labari ya cije miki. Ki koma babi ukun nan da biro a hannu, duk inda jarumar ta ga fuska ko ta ji suna, ki soke, ki bar mata hannu da turare.