Matashin Makaɗi Tsakanin Tsara Kiɗa da Koyarwa: Daga Ina Zai Fara?

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Daura. Ina kaɗa kalangu tun ina sakandare, ko da yake ba gado na yi ba. Yanzu ina haɗa kiɗa da kwamfuta a wani sutudiyo, kuma wata makaranta ta nemi in riƙa koya wa yara kiɗan gargajiya. In karɓa, ko kuwa koyarwar za ta hana ni zama mai tsara kiɗa na kaina?

Amsa: Ɗana, ka karɓi koyarwar, amma da sharaɗin kai ma ka ci gaba da zama ɗalibi a hannun wani babban makaɗi, domin a shekarun farko na wannan sana'a abin da ya fi yi wa matashi illa shi ne ya zama malami kafin kunnensa ya nuna.

Rashin gado ba zai tauye ka ba. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa kuma aka binne a garinku Daura a 1999, ɗan haye ne, kuma da kiɗan kalangu ya yi sunan da ya yi. Sai dai akwai abin da ɗan gado yake samu tun yana goye wanda kai sai ka je ka nema, wato taken mutane da na sana'o'i. Kalangu magana yake yi. Idan makaɗi ya matse tsarkiya, wato igiyoyin da ke jikin kalangu, a hammatarsa fatar ta ɗaure, sauti ya hau, idan ya sassauta sauti ya sauka, kuma da wannan hawa da sauka yake bin karin harshen Hausa har mai sauraro ya ji kalmomi. Shi ya sa mahauci yake zabura idan aka kaɗa takensa tun kafin kowa ya buɗe baki. Kwamfuta za ta ba ka bugu mai tsabta wanda ba ya kuskure, amma ba za ta gaya maka inda gula, wato sandar kiɗa, za ta ɗan jinkirta don 'yan amshi su sami wurin shigowa ba. Wannan sai a bayan ubangida ake koyonsa, ana riƙe da ƙaramin kalangu ko kuntuku, ana tsare bugu ɗaya tun daga farkon waƙa har ƙarshenta ba tare da an yi kwalliya ba. Aikin yana da gundura, kuma a ganina babu wanda ya tsallake shi ya zama gwani. Kana zaune a garin da ake Sallar Gani da hawan salla, inda za ka ji tambura da gangunan fada da algaita a muhallinsu, don haka ka je ka gai da makaɗan fada da ladabi, ka nemi izinin zama kusa da su.

Ita kuwa koyarwa, tana da amfanin da mutane ba su cika lura da shi ba. Ranar da yaro ɗan shekara 9 ya tambaye ka dalilin da hannunka ya yi kaza, za ka tarar dole ka warware bugun da kake yi ba tare da tunani ba, ka raba shi gaɓa-gaɓa, kuma wannan warwarewar ita ce tushen tsara kiɗa. Kada ka miƙa wa yara kalangu a makon farko. Ka fara da tafi da baki: su faɗi jimlar, su tafa ta, sannan su buga ta a kan ƙwarya da aka kife. Sai wanda ya iya riƙe bugunsa yayin da na kusa da shi yake yin wani dabam za a rataya wa kalangu. Ka koya musu kula da kayan ma, domin damshin damina yana saki fata, iskar hunturu kuma tana busar da ita har ta tsage. Ka kuma yi magana da iyaye tun farko, saboda da yawa a ƙasar Hausa suna haɗa kiɗa da roƙo, kuma hankalinsu yakan kwanta idan suka ji abin da ake koyarwa da irin waƙoƙin da za a rera.

Abin da zai iya cinye ka shi ne lokaci. Ka yarda da kwanaki ƙayyadaddu a mako, a rubuta su tare da albashinka da wanda zai ɗauki nauyin gyaran ganguna, ka ware sauran ranakun don ubangidanka da aikinka na sutudiyo.

Game da kiɗan da kake tsarawa, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba ka haƙƙi a kan aikinka da zarar an naɗe shi ko an rubuta shi, kuma mayar da wannan haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Saboda haka idan mawaƙi ya ɗora murya a kan kiɗanka, ku rubuta ko sayar masa ka yi gaba ɗaya ko kuwa izinin amfani ka ba shi, kuma sunanka ya fito a jikin waƙar. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana karɓar rajistar ayyuka, abin da zai taimaka maka wajen kafa hujja idan rigima ta taso. Idan kuma ka ɗauko wani tsohon take ka sa a cikin sabon kiɗa, ka faɗi gidan da ka ji shi, ka kuma tambayi ubangidanka ko take ne da ya halatta a kaɗa a ko'ina, domin akwai waɗanda na sarauta ne kaɗai.

Koyon rubuta kiɗa a takarda zai amfane ka idan kana son aiki da makaɗan wasu ƙasashe, kuma Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka da makarantar koyon kiɗa ta MUSON da ke Legas suna koyar da shi. Wannan zai iya jira har ka shekara biyu ko uku kana riƙe da ƙaramin kalangu a bayan ubangidanka.