Amsa ga mai tambayar inda zai sauka a Sekanji

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya ce zai taso daga Maraɗi zuwa Kwatano sayen mota karo na farko, yake tambayar inda zai sauka a Sekanji, inda filayen sayar da motoci suke, da abubuwan da zai gane wurin da su, ga abin da na sani daga zirga-zirgar da na daɗe ina yi a hanyar.

Kada ka sa rai za ka tarar da tasha mai katanga da ƙofa irin tashoshin motocinmu na nan gida. Sekanji ba cikin birnin Kwatano take ba, tana gundumar Seme-Poji ne, a kan babbar hanyar da ta nufi Porto-Novo, kuma inda ake sauka bakin gudron ne kawai. Motar da ta ɗauko ka ta Parakou da Bohicon za ta shigo da kai ta Kalabi da Godomey, wato yammacin gari, filayen motoci kuwa suna gabas, saboda haka dole ka ratsa birnin gaba ɗaya, ka haye ɗaya daga cikin gadoji 3 da ke kan mashigin ruwan da ya raba shi biyu. Da ka haye ka shiga Akpakpa. Cikin ƙananan bas-bas da suke kira tokpa-tokpa, duk wadda ta nufi Porto-Novo ko Kirake, wato iyakar Najeriya, za ta bi da kai ta Sekanji.

Abin da ya fi sunan unguwa amfani a wannan hanya shi ne lambar kilomita. Mutanen wurin PK suke ce mata, da ita suke kwatance, kuma yaron mota zai fi saurin gane ka idan ka ce PK10 fiye da dogon bayani. Saboda haka kafin ka baro masauki ka sa dillalinka ya faɗa maka lambar da filinsu yake, sannan ya faɗa maka ko ɓangaren teku ne ko ɓangaren tafki. Wannan tambaya ta biyu ita ce mutanenmu suke mantawa, alhali hanyar tagwaye ce, motoci na gudu a kanta, tsallaka ta da ƙafa ba abin wasa ba ne. Idan ka fuskanci gabas, teku na hannunka na dama, tafkin Nokuwe na hagu, kuma ƙasar da ke tsakaninsu siririya ce, shi ya sa wanda ya riƙe wannan ba ya ɓata. Unguwannin ɓangaren tafki fadama ne, a watan Yuni da ruwa ya yi ƙarfi wasu lungunan babur ma da ƙyar yake shigarsu.

Alamomin da za ka bi su ne kamfanin Sobebra a Akpakpa, sai mararrabar Le Bélier, daga nan filayen motoci za su fara bayyana, dogayen katangu da motoci jere a ciki har zuwa Ekpe. Idan ka ga shingen biyan kuɗin hanya na Ekpe a gabanka, to ka wuce Sekanji, ka sauka ka koma. Gaba da shingen akwai mararrabar Seme, inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi arewa zuwa Porto-Novo, ɗaya ta miƙe zuwa iyakar Najeriya. A gaɓar tekun wannan yanki ne bututun man fetur da ya taso daga Agadem ya ƙare, bayan tafiyar kusan kilomita 2,000.

Ƴan kabu-kabunsu, waɗanda ake ce wa zem, rigar rawaya suke sawa a Kwatano, da lamba a bayanta. Ka yi ciniki kafin ka hau, kuɗin sefa ɗaya ne da namu, ba ka da wahalar canji. Tun 2024 ƴan sanda suka tsananta a kan hular kwano, har da wanda aka goya, don haka kada ka hau bayan wanda ba shi da ta fasinja.

Maganar kwana kuwa, ni ban ba ka shawarar neman ɗaki kusa da filayen ba, ko da an ce maka ya fi sauƙi. Da yamma idan an rufe, wurin yakan yi tsit, kuma baƙo mai ɗauke da kuɗin mota ba ya ɓuya. Ka sauka a Zongo, kusa da babban masallaci, inda Hausa ake ji ta ko'ina, akwai tuwo da shayi, akwai kuma ƴan Maraɗi da za su haɗa ka da mai fitar da takardun duwan da suka sani. Ka fito da sassafe kafin gadoji su cushe, ka komo kafin magariba.

Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 yadda ake ƙetarawa da hanyar da motoci ke bi su iso Nijar suna ta canzawa, saboda haka kafin ka biya kuɗin mota ka tambayi wanda ya dawo cikin makon ta ina ya fito da tasa, kuma nawa hanyar ta ci masa.