Da wane Final Fantasy za ka fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a jerin wasannin bidiyo na Final Fantasy dole sai ka faro daga na 1 kafin ka taɓa na 16. A'a. Tun fitowar na farko a 1987, kowace lamba da duniyarta da jarumanta. Abin da ke haɗa su ƙananan abubuwa ne, irin su tsuntsun nan Chocobo da sunayen sihiri.

Inda jeri ke da muhimmanci shi ne masu ci gaba. X-2 na 2003 daga ƙarshen X (wato na 10) ya ɗora, kar ka soma da shi.

Na 7 ne mai rikitarwa. Labarin Crisis Core, wani wasan daban a duniyar na 7, ya riga shi faruwa, amma yana tona asirin jaruman Cloud da Zack, kuma nan ne daɗin labarin yake. Ni dai shawarata, ka buga na 7 na asali na 1997 tukuna, sai Crisis Core, sannan Remake da Rebirth, wato na 7 da aka sabunta, don su biyun sun fi armashi ga wanda ya san tsohon labarin.

Kafin ka nufi Beirut Road a Kano neman kaset, ka sani 16 da Rebirth ba sa hawa na'urar wasan PlayStation 4 (PS4). Na 14 kuwa sai da intanet, ka lissafa kuɗin data.