Laifin gwamnati yana hawa kan talakawanta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko daidai ne a tsani mutanen wata ƙasa kaf idan aka zargi gwamnatinsu da hannu a harin ta'addanci. Ni dai ban yarda da haka ba, kuma abin yana ci mini rai.

Dubi abin da ya biyo bayan harin 11 ga Satumba 2001 da aka kai Amurka. Tun 1980 babu hulɗar jakadanci tsakanin Amurka da Iran, amma a Tehran matasa suka fito da kyandir suna jimamin mutum kusan 3,000 da aka kashe. A can jihar Arizona ta Amurka kuwa, kwana huɗu da harin, wani ya bindige wani mabiyin Sikh, addinin da ya samo asali daga yankin Indiya, saboda kawai ya gan shi da rawani da gemu. Bawan Allah bai ji ba, bai gani ba.

A ƙasashe da yawa talaka ba shi da bakin magana, kuma shi ne yake fara ɗanɗana zaluncin masu mulkinsa. A bi sawun wanda ya kitsa harin da wanda ya zuba kuɗi, a daskarar da dukiyarsu, a gurfanar da su gaban kotu.