Keken surfani na kwamfuta: mai kai ɗaya ko mai kawuna?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina shirin buɗe ƙaramin wurin yi wa riguna da huluna tambari, jarin kuma bai taka kara ya karya ba. Wani ya ce in ci bashi in sayi keke mai kai huɗu tun farko, wani ya ce na gida mai allura ɗaya ma ya ishe ni. Wanne zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka bar duka biyun. Nemi mai kai ɗaya, wato mai ɗinka riga ɗaya a lokaci guda, amma mai allura 12 ko 15, kowace da kalar zarenta. Mai allura ɗaya zai tsayar da kai a kowace kala ka zura zare da hannu, tambari mai kala shida kuwa zuri shida ke nan a kowace riga. Mai kai huɗu zane ɗaya yake yi a kan riguna huɗu a tare, kuma zare na tsinkewa a kai ɗaya, sauran ma sun tsaya. Sai mai samun aikin riga ɗari iri ɗaya yake cin moriyarsa. Sabon shiga kuwa, yau suna a riga uku, gobe hula goma.

Kada gudun da aka rubuta a takarda ya ruɗe ka. Za ka ga suka, wato shigar allura cikin yadi, 1,000 ko 1,200 a minti, amma a aiki yawanci 700 zuwa 850 ake yi, a kan hula ma ƙasa da haka. Tambarin ƙirji mai suka 8,000 a gudun 800 minti goma ne. Ƙara lokacin ɗaure yadi a firam da gyaran zare, sai ka ga riga huɗu a awa. Da wannan lissafin za ka yanke kuɗin aiki.

Duba faɗin filin ɗinki. Wajen santimita 36 da 50 zai ɗauki bayan riga. Tabbatar keken yana da siririn hannu da zai shiga hannun riga ko aljihu, yana yanke zare da kansa, yana tsayawa in zare ya tsinke, kuma yana karanta fayil ɗin DST, wato nau'in fayil ɗin zanen surfani, ta USB. In za ka yi hular hana-salla, a rubuta maka a rasit cewa firam ɗin hula da abin juya shi suna cikin cinikin, domin sau da yawa daban ake sayar da su.

Kekunan Tajima da Barudan na Japan da ZSK na Jamus sun yi suna wajen ƙarko, na Sin sun fi sauƙi. Amma a wurina tambayar farko ita ce: wa zai gyara, kuma kayan gyara kwana nawa suke zuwa? Idan saitin ƙugiyar da ke kama zare ya goce daga allura, ɗinki zai riƙa tsallake, zare na tsinkewa, kuma ba aikin ɗan koyo ba ne. In na hannu ne, sa a nuna maka jimlar sukar da ya yi, sannan a ɗinka zanenka a kan yadinka da kowace allura, ɗaya bayan ɗaya. Juya bayan ɗinkin: zaren ƙwarƙwaro ya kamata ya cike kashi ɗaya cikin uku na faɗin ɗinkin, a tsakiya.

Kada ka zuba duk kuɗin a keke. Akwai zare lamba 40, allura lamba 75/11, mai da za a ɗiga wa ƙugiya duk bayan kamar awa huɗu na aiki, da shimfiɗar bayan yadi: wadda ake yankewa don yadi mai talewa, wadda ake yagewa don mai tauri. Sai tsara zane. Keke ba ya ɗinka hoto, sai an mayar da shi suka a manhaja irin su Wilcom, zanen da aka cushe kuwa shi ke tattare yadi ya karya allura. Watannin farko ka biya gwani ya tsara maka, kana koyo a gefe.